Daga Daji Zuwa Kotu: Yadda Za Ka Rubuta Labarin Masu Gadin Dawa da Farautar Sata

Tambayar ta yawaita daga matasan marubutanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere a Kamaru, har da na Injamena a Cadi. Wani yana son ya ƙaga labari a kan masu kashe giwaye da masu bin sawunsu. Wata kuma mahaifinta tsohon mai gadin daji ne, tana son ta rubuta abin da ya gani tun yana da ƙarfin ba da labari. Duka tambayarsu ɗaya ce: ta ina ake farawa?

Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, mataki bayan mataki. Amma ka riƙe wannan tun daga nan. Baƙi sun sha rubuta labarin dazuzzukanmu, kuma a rubutunsu sau da yawa giwa tana da suna, baƙon da ya zo cetonta yana da suna, mutumin ƙauyen da ke bakin gandun kuwa ba shi da shi. Kai kana jin Hausa, galibi kana jin Fulatanci ko Larabcin Cadi, kana iya zama a zauren maharbi ku ci tuwo kwano ɗaya. Wannan shi ne jarinka, kuma duk matakan nan hanyar amfani da shi ce ba tare da ka cutar da kowa ba.

1. Ƙagagge ne ko tarihin rayuwa?

Ka yanke wannan kafin komai. In ƙagagge ne, kana da damar ƙirƙirar mutane da ƙauye da abin da ya same su, amma ba ka da damar ƙirƙirar doka, ko lokacin damina, ko halin dabba. In tarihin rayuwa ne, naka ko na wanda ya ba ka baki, alkawari ka ɗaukar wa mai karatu cewa abin ya faru. Kana iya sauya suna, kana iya ɓoye gari, amma ba ka ƙara artabun da ba a yi ba don labari ya yi armashi.

Da yawa suna farawa da tarihin rayuwa, sai su iske rabin abin da suka sani ba ya faɗuwa: ƙanin uba ne ya yi wa maharba jagora, ko wanda ya karɓi na goro yana nan da ransa, har ma ya ƙara girma. In haka lamarinka yake, ka koma ƙagagge tun da wuri, zai ba ka sararin faɗin gaskiyar da ɗayan zai hana ka.

Hattara: kada ka kira littafi ƙagagge alhali kowa a garinku zai gane wanda kake nufi. Sauya sunan mutum kaɗai ba ya ɓoye shi.

2. Daji ɗaya, shekara ɗaya

Kowane gandu da irin ƙasarsa da irin rigimarsa, kuma mai karatu na yankin nan zai gane in ka cakuɗa su. Ka zaɓi guda.

Waza fili ne na baƙar ƙasa mai tsattsagewa da rani, da ƙayoyi, da fadamar da ambaliyar kogin Logon ke shayarwa. An keɓe shi tun 1934, ya zama gandun ƙasa a 1968. Madatsar Maga ta 1979 ta rage ruwan da ke isa fadamar, sannan sace Faransawa 7 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 ya sa masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Labarin Waza na ƙishirwa ne, da giwayen da ke fita da damina su nufi gonakin wajen Mindif, da mai gadin da ke tsoron abin da ya fi mafarauci.

Buba Njida, a ƙasar Rai Buba, shi ne inda mahaya dawakai masu bindigogin yaƙi, waɗanda aka fi danganta su da Sudan, suka shiga a farkon 2012 suka yi makonni suna kashe giwaye. Ƙidayar ta sha bamban, daga kusan 300 har sama da 600, kuma sai a watan Maris aka tura sojoji. Akwai abin da marubuci bai kamata ya tsallake ba a nan: haure kawai mahayan suke ɗauka, naman kuwa suna barin wa mutanen ƙauyuka, wasu daga cikinsu ma giwayen sun sha cinye musu gona. Ka zauna ka yi tunanin magidancin da ya kai wa iyalinsa wannan naman. Ni dai a ganina littafi guda yana cikin zuciyarsa.

Gandun Binuwai da na Faro rigimarsu ta yau da gobe ce: masu haƙar zinariya a bakin kogi, garkunan shanu da ke shigowa da rani, makiyaya suna sassare rassan kawo don dabbobinsu, ga kuma yankunan farautar haya da ke kewaye, inda baƙo mai kuɗi ke biya ya harbi ɓauna da izini, ɗan ƙasa kuwa a kama shi a kan gwanki guda.

A Cadi akwai Zakuma, kusa da Amtiman, wanda aka kafa a 1963. A 2002 giwayensa sun haura 4,000, zuwa 2010 saura kusan 450, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi tafiyar da shi. Tsoro ya kai garken ya kusa daina haihuwa. A Satumbar 2012 aka far wa masu gadi a tudun Heban, arewa da gandun, suna sallar asuba. Mutum 6 aka rasa. Yanzu giwayen sun sake haura 600.

In tarihin dattawa kake nema, ka tambaye su karkanda. Irin wadda ta rage a arewacin Kamaru an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana ta ƙare a duniya. Waɗanda suka gan ta da idonsu suna raguwa kullum.

Hattara: shekarar da ka zaɓa ita za ta faɗa maka ko akwai wayar hannu, ko masu gadi suna da babur, ko soja yana cikin daji. Kada ka sa wa mai gadin 1990 kayan aikin 2020.

3. Ka karanta dokar shekarar

Nan ne yawancin labaran da nake karantawa suke faɗuwa. A kama mutum da yamma, gari na wayewa an ɗaure shi shekara goma, babu takarda, babu lauya, babu ɗage zama. Duk wanda ya taɓa taka ƙafarsa a kotu zai ajiye littafin.

A Kamaru, in labarinka ya faru tsakanin 1994 da tsakiyar 2024, dokar da ke aiki ita ce mai lamba 94/01 ta 20 ga Janairun 1994, tare da dokar aiwatarwa ta 1995. Ta kasa namun daji gida uku. Rukunin A an hana taɓa su, kamar raƙumin dawa da damisa. Rukunin B, kamar ɓauna da gwanki, sai da lasisi. Rukunin C su ne sauran. Sassa huɗu ya kamata ka haddace, don kowannensu yana iya ɗaukar labari. Sashe na 101 ya ce duk wanda aka samu da dabbar rukunin A ko B, da rai ko a mace, ko wani ɓangarenta, ana ɗaukarsa shi ya kama ta ko ya kashe ta. Sashe na 158 ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya kashe dabbar da aka kare. Sashe na 83 ya yafe wa wanda ya kashe dabba don kare kansa ko dabbobinsa ko gonarsa, da sharaɗin ya kawo hujja cikin awa 72. Sashe na 86 kuma ya halatta farautar gargajiya a wajen gandu, amma dokar aiwatarwa ta taƙaita ta ga ƙananan namun daji, da kayan da aka yi da itace ko ciyawa, kuma don ci a gida ban da sayarwa.

Dubi awa 72 ɗin nan da kyau. Manomi ne a ƙauyen da damina ta yanke masa hanya, bai taɓa jin sashen ba, ofishin da zai kai rahoto kuma tafiyar yini biyu ne.

A Yulin 2024 Kamaru ta yi sabuwar dokar daji da namun daji wadda ta tsananta hukunci ƙwarai, don haka in labarinka na bayan nan ne ka nemi sabuwar. A Cadi dokar 14/PR/2008 za ka nema. Duka da Faransanci za ka fi samunsu. In naka bai kai ba, ka sami ɗalibin shari'a ku bi ta sashe-sashe.

4. Kayan aiki da kuɗi

Ba ka buƙatar kwamfuta don farawa. Littattafan rubutu biyu masu kauri, ɗaya na hira ɗaya na abin da idonka ya gani. Waya mai ɗaukar murya da makulli a kanta, da batirin ajiya, tunda yawancin ƙauyukan bakin gandu babu wuta. Taswirar yankin a takarda. Katin shaidarka da kwafinsa, don shingayen hanya.

Kuɗin kashi huɗu ne. Mafi nauyi shi ne sufuri: mota zuwa babban gari irin su Cholire ko Poli, sannan hayar babur zuwa ƙauye, kuma babur ɗin ne ke cinye aljihu, don haka ka yi ciniki na yini gaba ɗaya, da man fetur a ciki, kafin ku tashi. Sai gaisuwa: goro, sukari, ganyen shayi, sabulu. Sai takardu: tambur ɗin da ake manna wa takardar neman izini, da kwafe-kwafe, da kuɗin shiga gandu da na ɗan rakiya in za ka shiga. Sai ladan tafinta in za ka je inda ake Mundang ko Dowayo ko wani harshen da ba ka ji. Duk abin da ka lissafa, ka ɗora sulusinsa a kai, saboda mutumin da ka je nema zai iya kasancewa ya tafi kasuwa ko jana'iza, ka kwana biyu kana jira.

Ka yi tafiyar tsakanin Disamba da Afrilu. Da damina hanyoyin gandu ba sa biyuwa, manoma kuma ba su da lokacinka.

Hattara: kada ka sayi labari da kuɗi. Wanda ka biya zai faɗa maka abin da yake ganin kana so, kuma gobe duk ƙauyen zai zo da irinsa.

5. Shiga wurin mutane

Jerin nan yana da muhimmanci, kada ka juya shi. Hukuma tukuna: ofishin ma'aikatar daji da namun daji na yankin, a Garwa ko Marwa, da takarda mai bayyana ko kai wane ne da abin da kake rubutawa, sannan shugaban gandun. Daga nan fadar Lamiɗo ko lawan ko jauro, wanda zai haɗa ka da ɗan rakiya. Sai bayan haka ka fara sallama a ƙofar gidaje. Baƙon da ya faɗo ƙauyen bakin gandu yana tambayar bindiga da haure ba tare da sanin mai gari ba, ɗan leƙen asiri za a ɗauke shi, kuma ba a yi laifi ba.

Ka fara da masu gadin da suka yi ritaya. Wanda ke bakin aiki yana da shugaba a kansa, bakinsa a ɗaure yake. A Garwa muna da sa'a, Makarantar Namun Daji tana nan tun 1970 tana horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka masu yawa, kuma tsofaffin ɗalibanta da malamanta suna cikin gari. Bayansu sai tsofaffin maharba, ta hannun Sarkin Baka in akwai. Sai makiyaya, sai manoman da giwa ko dorina ta yi wa ɓarna. Sai mata, waɗanda kusan kullum ake mantawa da su: matar mai gadin da bai dawo ba, matar wanda ke kurkuku, mai sayar da banda a bayan kasuwa. 'Yan'uwa mata marubuta, wannan ƙofa taku ce, namiji baƙo ba zai wuce zaure ba.

Ziyarar farko ta gaisuwa ce kawai, littafi yana cikin jaka. Ka faɗi asalinka da gaskiyar abin da ya kawo ka: "Baba, ni ɗan gidan wane ne a Hausare. Ba hukuma ce ta aiko ni ba. Littafi nake rubutawa, ina so jikoki su san yadda dajin nan yake a zamaninku." In ya ce, "To, yaro, ka dawo jibi bayan la'asar," ka samu shiga. In ya ce shi bai san komai ba, ka yi godiya ka tashi.

In an zauna, ka bar tambayar "yaya ka ji a ranka". Dattijonmu zai ce maka "sai haƙuri", shi ke nan. Ka tambayi abin da hannu ke taɓawa. Kwana nawa kuke yi a sintiri? Me kuke ci in gari ya ƙare? Harsashi nawa ake ba kowa, wa ke ƙirgawa in an dawo? Takalmin wa ya fara yagewa? Wata nawa albashi ya taɓa makara? Ranar da aka kashe abokin aikinka, wa ya je ya faɗa wa matarsa, me ya ce mata a bakin ƙofa? Maharbi kuma ka tambaye shi wa ya koya masa, me ake yi kafin a fita, wace dabba ce gidansu ba ya kashewa, wane kirari mai komo yake yi masa. Abin da ke zuciya ta nan yake fitowa, ba tare da ka roƙa ba.

Kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya ka nemi izini, kuma izinin ya shiga cikin abin da aka ɗauka. Da dare ka juye hirar a takarda da sunan aro, ka goge duk muryar da ke iya jefa wani cikin matsala.

Hattara ta farko: kada ka nemi ganawa da masu fataucin haure da ke kan aiki, kuma kada ka karɓi ko guntun haure ko fata ko ɓawon ɗankunya da sunan abin nazari. Ka tuna abin da sashe na 101 na dokar 1994 ya ce, sabuwar dokar kuma ta tsananta hukunci. Binciken irin waɗannan mutane aikin ƙwararru ne, kamar ƙungiyar LAGA da ke aiki da ma'aikatar tun 2003.

Hattara ta biyu, ga mai zuwa yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru: tun da aka yi dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, tambaya a kan masu ɗauke da makamai ta zama abin taka-tsantsan. Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, kotun soja ta yi masa shari'a, bai fito ba sai Disambar 2017. Ka riƙe takardar izininka a jikinka, kuma in jami'an tsaro suka ce kada a wuce wani wuri, ka tsaya.

6. Ka zauna a kotu

Wannan matakin kyauta ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Ka je ofishin magatakarda ka tambayi ranar da ake shari'ar laifuka, ka zauna a baya da littafinka, ban da ɗaukar hoto ko murya. Ko ba a kira shari'ar namun daji ba ranar, za ka ga yadda ake shigo da waɗanda ake tuhuma, da yadda tafinta ke taƙaita maganar minti biyar zuwa jimla guda, da fuskar dangi in an ce an ɗage.

Ga hanyar da shari'a ke bi, ka tsara babobinka a kanta. Kamu. Sai jami'in da ya yi rantsuwar aiki ya rubuta takardar bayanin kamu, wadda ma'aikata ke kira PV. Kayan da aka kama a ƙirga, a auna, a liƙe su da hatimi. Tsarewa a wurin jandarma ko 'yan sanda, awa 48 da ake iya sabuntawa. Gabatarwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati. Kurkukun jiran shari'a ko beli. Zama, da ɗagewa, da sake ɗagewa. Hukunci, inda ma'aikatar kan nemi diyya ban da tara. A kowace gaɓa akwai wanda zai iya buga waya, akwai takardar da za ta iya ɓacewa, akwai kuma ma'aikacin da zai iya cewa a'a alhali ɗansa yana kwance asibiti. Wannan na ƙarshen ya cancanci babi nasa.

7. Ginin labari: ka bi haure guda

In ka dawo da littattafai cike, ruɗewa za ka yi. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce ka ɗauki abu guda, a ce haure, ka bi shi hannu zuwa hannu. Manomin da ya faɗi inda garke yake shan ruwa. Ɗan jagora. Mai harbi. Yaron da ya ɗauko a babur cikin buhun gawayi. Dillalin gari mai shagon da kowa ke girmamawa. Direban babbar mota. Mai sa hannu a takarda. Daga nan tashar jiragen ruwa ta Duwala, ko a tsallaka iyaka a nufi Legas. Farashi yana hawa a kowane hannu, haɗari kuma yana sauka, shi ya sa wanda ke tsaye gaban alƙali galibi na biyu ne ko na huɗu a jerin.

Ba lallai ka ba kowa babi ba. Ka zaɓi biyu ko uku, sauran su gifta. Abin da ya fi ƙarfi shi ne mai gadi da wanda yake bi su zama sun san juna: unguwa ɗaya, makarantar allo ɗaya, ko surukai. Haka abin yake a zahiri, tunda yawancin 'yan rakiya da masu bin sawu daga ƙauyukan nan aka ɗauke su, wasunsu ma tsofaffin maharba ne.

Kurakurai uku nake yawan gani. Na ɗaya, a mai da duk mai farauta mugu. Mai ɗana tarkon gada don miya, da maharbin gado mai kirari, da mahayin da ya yi tafiyar wata da bindigar yaƙi, mutum uku ne daban, doka ma ta bambanta su. Na biyu, a mai da mai gadi waliyyi. Akwai masu duka, akwai masu ƙwace wa makiyayi sa, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. In ka ɓoye wannan, mutanen ƙauye ba za su yarda da sauran littafin ba. Na uku, a buɗe da gawar giwa a rufe da harbe-harbe. Aikin mai gadi yawancinsa tafiya ce da jira da ƙishirwa da rubuta rahoto. Harbi in ya zo, ya zo sau ɗaya, gajere, a lokacin da ba a shirya ba.

Mai tarihin rayuwa kuma, kada ka fara daga ranar haihuwa. Ka fara daga ranar da mutumin ya fi yawan komawa kanta in yana hira.

Hattara: kada littafinka ya zama darasi. Ban da sunan guba da yadda ake haɗa ta, ban da hanyar da ake bi a kauce wa wani shinge na gaske, ban da wurin da garke ke kwana a yau.

8. Ka gyara dabbar da dajin

Giwa wata 22 take ɗauke da ciki. Tsohuwar mace ce ke jan garke, toro babba yakan ware. Ɗan da bai kai shekara 2 ba da wuya ya rayu in an kashe uwar. Kusan sulusin haure yana cikin ƙashin kai, shi ya sa ake sare fuskar da gatari, kuma abin da masu gadi ke tararwa ke nan. Ungulaye ne ke nuna inda gawa take tun daga nesa. Ka koyi bambanta gwanki da kanki da mariya da mazo, kada kowace dabba mai ƙaho ta zama barewa. Ka san lokacin da ake ƙona daji, da lokacin da ciyawa ke shanye mutum a tsaye, da cewa a Zakuma in ruwa ya cika ƙasa doki ne abin sintiri.

Duk bayanin da ka sa, ya fito ta idon wani a cikin labarin. In mai bin sawu ya tsuguna ya taɓa kashin giwa da bayan hannu ya ce ba su yi nisa ba, ya wadatar.

9. Ɓoye mutane da bita

In ka gama zubin farko, ka ajiye shi wata guda, sannan ka bi shi da jan biro kana neman mutanen gaske. Ga kowane ɗaya ka sauya abu uku aƙalla: suna, gari, da wani abin da ake gane shi da shi, kamar sana'a ko tabo ko yawan iyali. Sunan ƙauyen da aka yi laifi a cikinsa ka ƙirƙira. Zargin cin hanci kada ka ɗora shi a kan wani ofishi ko jami'in da ake iya nunawa, sai in kotu ta riga ta yanke hukunci kuma kana da kwafinsa. A Kamaru ɓata suna laifi ne mai ɗauri, ƙarƙashin sashe na 305 na kundin laifuka.

Sannan ka ba mutum uku su karanta: tsohon mai gadi, wanda ya san shari'a, da ɗan ƙauyen bakin gandu, ko da karanta masa za a yi. In tarihin rayuwa ne, mai labarin ya ji kowane shafi da kunnensa kafin ya fita, iyalansa ma su ji inda ya shafe su. In ya ce a cire wani abu, ka yi masa bayanin dalilinka sau ɗaya. In ya nace, ka cire.

10. Fitarwa

Yawancin masu karatunmu a waya suke, don haka fitar da labari kashi-kashi ta WhatsApp ko Facebook ko Wattpad ya fi saurin isa, kuma karanta shi da murya a YouTube yana kai shi ga waɗanda ba su yi boko ba, ciki har da mutanen da ka yi hira da su. Amma kada ka saki kashi na farko sai ka gama littafin duka kuma ya wuce mataki na 9, domin abin da ya shiga waya ba ya dawowa. Ka sa sunanka da shekara a kan kowane kashi, ka ajiye kwafin asali a wuri biyu.

In za ka buga a takarda, ka nemi farashi a maɗaba'a biyu ko uku, a Garwa da kuma Kano, ka tabbatar injinsu yana fitar da ɓ da ɗ da ƙ daidai, ka duba shafin gwaji da idonka kafin ka biya rabin kuɗi. Ka fara da kwafi kaɗan, kuma cikin lissafin ka ware na shugaban gandun, da na fadar da ta ba ka ɗan rakiya, da na kowane gida da ya ba ka tabarma.